Yadda Ake Tara Takardun Tarihi Masu Ɗauke da Sa Hannun Mashahuran Masu Zane

A watan Yuni na 2020 aka yi gwanjon wata wasiƙa mai shafi huɗu a birnin Faris, gidauniyar Vincent van Gogh ta saye ta a kan yuro 210,600 domin a ajiye ta a gidan tarihinsa da ke Amstadam. Van Gogh ne ya fara rubuta wasiƙar a garin Arles cikin watan Nuwamba na 1888, Paul Gauguin ya ƙarasa ta, suka aika wa abokinsu Émile Bernard. Abubuwa biyu ne suka ɗaga darajarta: abin da ke rubuce a cikinta, wato bayanin zaman da manyan masu zanen biyu suka yi a gida ɗaya suna aiki, da kuma tabbacin cewa daga hannunsu ta fito. Duk mai son shiga wannan harka, ko da kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na wannan farashi ba, waɗannan abubuwa biyu ne zai riƙa nema a kowace takarda. Sunan babban mutum a ƙasan shafi shi kaɗai ba ya isa dalilin fitar da kuɗi.

Kafin na'urar ɗaukar hoto ta yaɗu, kusan duk hoton da mutum zai gani a littafi ko taswira ko takardar kuɗi ya bi ta hannun wani gwani wanda ya karce zanen da tsinin ƙarfe a kan farantin jan ƙarfe, ko ya sassaƙa shi a guntun katako mai tauri, sannan aka shafa tawada aka danna takarda a kai. Waɗannan su ne masassaƙan zane, irin su Albrecht Dürer na Jamus, da William Hogarth da Thomas Bewick na Ingila, da Francesco Bartolozzi ɗan Italiya wanda ya yi shekaru masu yawa yana aiki a Landan, da Paul Revere na Boston a Amurka. Da yake masu sana'a ne da ke hulɗa da masu buga littattafai da masu saye, sun bar rasit da takardun neman biyan kuɗi da yarjejeniyoyi da wasiƙun ciniki masu yawa, kuma a ganina irin waɗannan takardu sun fi gaisuwar ban-girma armashi, domin su ne ke nuna yadda aikin ya gudana da abin da aka biya.

Mataki na farko: ka taƙaita fagenka

Wanda ya ce zai tara sa hannun duk wani mashahurin mai zane ba zai san hannun kowa da kyau ba, kuma shi ne 'yan damfara suka fi samu a sauƙaƙe. Ka zaɓi zamani ɗaya ko gari ɗaya ko nau'in takarda ɗaya, misali masassaƙan zane na Landan daga 1750 zuwa 1850, ko wasiƙun masu zanen Faransa zuwa ga dillalansu, ko takardun masu zanen Najeriya na shekarun samun 'yancin kai. Sannan ka san abin da ya fi ƙarfin kasuwa. Wasiƙun Rembrandt, mashahurin mai zanen Holan, guda bakwai kacal aka sani sun rage a duniya, dukkansu ya rubuta su ne ga Constantijn Huygens a shekarun 1630, don haka duk wanda ya yi maka tallar ta takwas a intanet, ka wuce abinka. A ɗaya ɓangaren kuma, George Cruikshank, wanda ya rayu daga 1792 zuwa 1878, da manyan masu zanen Ingila na ƙarni na 19 irin su Edwin Landseer da Frederic Leighton, sun rubuta gajerun wasiƙu ba adadi, kuma ana samun irinsu da kuɗin da mai matsakaicin hali zai iya biya. Da irin waɗannan ake koyo, domin ko an yi kuskure asarar ba za ta karya mutum ba.

Mataki na biyu: ka koyi karanta kundin gwanjo

Gidajen gwanjo da dillalai suna bayyana kayansu da gajerun haruffa waɗanda ba a fassara su, kuma bambancin harafi ɗaya kan ninka farashi. ALS na nufin wasiƙar da mutumin ya rubuta da hannunsa tun daga farko har ƙarshe kuma ya sa hannu, kuma ita ce ta fi daraja. LS wasiƙa ce da wani ya rubuta masa, shi kuma ya sa hannu kawai. TLS wasiƙa ce da aka buga da tafireta ya sa hannu, DS kuma takardar hukuma ko ta ciniki ce mai sa hannunsa, kamar rasit ko yarjejeniya ko cek. A kundayen Faransa za ka ga LAS a maimakon ALS. Idan ka ga an rubuta cewa ana jingina takarda ga wane, ko kuma cewa tana ɗauke da sa hannu ba tare da an ce nasa ne kai tsaye ba, to mai sayarwa yana gaya maka a fakaice cewa bai ɗauki alhakin ingancinta ba.

Haka nan a ƙasan tsofaffin zanen bugu akwai gajerun kalmomin Latin da ya kamata ka sani. Wanda sunansa ke tare da pinx. shi ya yi zanen fenti na asali, mai del. shi ya zana, mai sc. ko sculp. shi ya sassaƙa farantin, mai exc. kuma shi ya buga ya sayar. Bisa al'ada sunan mai zane yana hagu, na masassaƙi yana dama. Duk waɗannan sunaye an sassaƙa su ne a jikin farantin, suna fitowa a kowane kwafi, don haka ba sa hannu ba ne a ma'anar da mai tara takardu yake nema.

Mataki na uku: ka tabbatar hannun mutum ne ya taɓa takardar

A nan ne sababbin shiga suka fi asara, kuma ba lallai sai an yi niyyar cutar su ba, domin akwai hanyoyi da yawa da sunan mai zane ke hawa takarda ba tare da ya riƙe alƙalami ba. Al'adar sa hannu da fensir a ƙasan zanen bugu ba ta kankama ba sai a rabin ƙarni na 19 na biyu, kuma James McNeill Whistler da Francis Seymour Haden suna cikin waɗanda suka yaɗa ta. Saboda haka idan ka ga zanen Dürer, wanda ya rasu a 1528, ko na Rembrandt, wanda ya rasu a 1669, da sa hannun fensir a ƙasa, wani ne ya ƙara shi daga baya. Haruffan AD da Dürer ya shahara da su a cikin zanen suke, tare aka buga su.

Misalin Hogarth yana koyar da abu mai amfani. Ya kasance yana karɓar rabin kuɗi tun kafin ya gama jerin zanensa, sai ya ba mai saye tikiti wanda samansa ƙaramin zane ne, ƙasansa kuma rubutun rasit ne da aka sassaƙa a farantin, aka bar gurbin kwanan wata da sunan mai biya da wurin sa hannu. Tikitin da ya fitar a 1743 yana cewa an karɓi rabin gini, wato tsohon kuɗin zinariya na Ingila, a matsayin biyan farko na zane shida, za a miƙa su idan an kammala bayan an biya sauran rabin. Abin da ke mayar da irin wannan tikiti takardar tarihi shi ne guraben da aka cike da tawada. An ci gaba da buga farantan Hogarth shekaru da yawa bayan rasuwarsa a 1764, kuma kwafin da ba a cike shi ba, ko wanda aka yanke masa ɓangaren rasit, zane ne kawai, farashinsa daban. Bewick ma ya yi wani abu makamancin haka a rasit ɗin littafinsa na tatsuniyoyin Aesop na 1818, inda hoton zanen yatsansa ya fito a jikin takardar. Mutane da yawa kan ɗauka dangwalawa ya yi, alhali sassaƙa zanen yatsan ya yi a katako aka buga. A irin wannan rasit sai ka bi kowane layi da madubi ka ware abin da injin bugu ya yi da abin da alƙalami ya yi.

Sai kuma hatimi. Bayan rasuwar Edgar Degas a 1917, an buga wa ayyukan da aka tarar a ɗakin aikinsa jan hatimi mai siffar sa hannunsa kafin gwanjon 1918 da 1919. Hatimin shaida ce mai kyau cewa aikin daga ɗakinsa ya fito, amma Degas bai taɓa shi ba. Akwai kuma sakatarori: Auguste Rodin, mai sassaƙa mutum-mutumi, ya yi ta amfani da su, har marubuci Rainer Maria Rilke ya yi masa wannan aiki daga 1905 zuwa 1906, don haka wasiƙun Rodin da yawa hannun wani ne, sa hannun kaɗai ne nasa. Mafi rikitarwa shi ne lamarin Salvador Dalí, wanda ya sa hannu a dubban fararen takardu da ba a buga komai a kansu ba, daga baya wasu suka buga abin da suka ga dama. A nan sa hannun yana iya zama na gaske amma abin da ke samansa bai taɓa gani ba.

Kayan aikin da kake bukata ba su da tsada: madubin ƙara girma mai ninki 10, ƙaramar tocila, da fitilar nan mai shuɗin haske irin wadda ake duba takardun kuɗi da ita a banki. Ka kwantar da takardar a teburi mai tsabta, ka haska tocila daga gefe ƙasa-ƙasa yadda hasken zai shafi fuskar takardar. Alƙalamin ƙarfe da biro sukan bar ɗan kwari inda aka danna, kuma a inda layi ya haye layi za ka ga tawada ta hau kan tawada ta ƙara duhu. A rubutun alƙalamin gashin tsuntsu za ka ga tawadar tana yin kauri bayan an tsoma, tana raguwa a hankali har a sake tsomawa. Rubutun da aka buga kuwa shimfiɗe yake, launinsa ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, kuma idan na firintar zamani ne madubi zai nuna maka ɗige-ɗige ko wani ƙyalli da ke zaune a saman takardar. Littattafan ƙarni na 19 da yawa suna ɗauke da kwafin wasiƙun manya da aka buga don ado, kuma idan aka cire irin wannan shafi ya tsufa, sai ido mai horo ne zai gane shi.

Mataki na huɗu: ka tambayi takardar da tawadar shekarunsu

Ka ɗaga takardar zuwa haske. Tsohuwar takardar Turai da aka yi da hannu daga tsummokara tana nuna siraran layuka masu yawa kusa da juna, da wasu layuka masu tazarar kusan santimita biyu zuwa uku da suka gitta su, waɗanda sawun wayoyin mazubin da aka yi ta da shi ne. Takarda mai santsi marar waɗannan layuka ba ta bayyana a Turai ba sai wajen 1757, daga masana'antar James Whatman a Ingila, don haka wasiƙar da aka ce ta 1720 ce amma tana kan irin wannan takarda ta ƙaryata kanta. A cikin hasken kuma za ka iya ganin tambarin masana'anta a jikin takardar, kuma daga 1794 masana'antun Ingila da yawa sun riƙa saka shekara a cikin tambarin. Idan tambari ya ce 1821 amma kwanan watan wasiƙar 1815 ne, magana ta ƙare. Masu nazarin tsofaffin littattafan malamanmu a Sakkwato da Kano da Kaduna sun san wannan hanya sarai, domin da tambarin jinjirin wata guda uku na takardun da aka yi a arewacin Italiya, waɗanda fatake suka shigo da su ta Sahara, suke kimanta zamanin rubuce-rubuce da yawa na ƙarni na 19.

Takardar da aka yi da niƙaƙƙen katako ta fara yawaita ne bayan tsakiyar ƙarni na 19, kuma ita ce ke yin ja tana karyewa a gefe. Daga shekarun 1950 aka fara zuba wa takarda sinadarin ƙara fari, wanda ke ƙyalli da shuɗi mai haske a ƙarƙashin fitilar banki, don haka wasiƙar ƙarni na 19 da ta yi irin wannan ƙyalli abar tuhuma ce. Fitilar kan kuma tona wurin da aka goge rubutu ko aka wanke hatimi ko aka yi faci.

Tawadar da Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubutu da ita ana haɗa ta ne da ƙullutun itacen oak da gishirin ƙarfe da ƙaro, wanda a ƙarni na 18 galibinsa daga gaɓar kogin Sanagal ake kai musu shi. Tana farawa baƙa, ta koma ruwan ƙasa da shekaru, ta ci cikin takardar har a ga inuwarta ta baya, wani lokaci ma ta huda ta. Tawada mai launin shunayya ta sinadari ba ta samu ba sai bayan 1856, tafireta ta shiga kasuwa a 1874, biro kuma sai a shekarun 1940. Kan sarki na farko ya fito a Ingila a watan Mayu na 1840, kuma kafin wannan lokaci yawanci ninke wasiƙa ake yi a rubuta adireshi a bayanta a rufe da kakin hatimi, ba a cika sa ta a ambulan ba. Sai dai ka riƙe wannan: takarda da ba ta dace da zamani ba tana tabbatar da jabu, amma takarda da ta dace ba ta tabbatar da gaskiya, domin ƙwararrun masu jabu sukan yanko fararen shafuka daga tsofaffin littattafai. Abin da kan tona su shi ne sabuwar tawada takan yi nashe-nashe a tsohuwar takarda, gefen layin ya fito da gashi-gashi a ƙarƙashin madubi.

Mataki na biyar: ka gwada hannu da hannu, ka gwada magana da tarihi

Yanzu an samu sauƙi ƙwarai, domin manyan cibiyoyi sun ɗora hotunan takardunsu a intanet kyauta. Gidan tarihin Van Gogh ya wallafa wasiƙu 902 a 2009 tare da hotunansu, Jami'ar Glasgow ta ɗora dubban wasiƙun Whistler, cibiyar adana takardun masu zanen Amurka da ke ƙarƙashin Smithsonian tana da tarin da ba shi da iyaka, haka ma Fondation Custodia ta Faris wadda mai tara zane Frits Lugt ya kafa a 1947. Ka nemi misalai aƙalla biyar daga shekarun da ake da'awar an rubuta takardarka, domin hannu yana canzawa. Rubutun Renoir, mai zanen Faransa, bayan ciwon gaɓoɓi ya lanƙwasa masa yatsu ya sha bamban da na ƙuruciyarsa. Kada ka tsaya kan sa hannu kawai. Ka duba yadda yake rubuta kwanan wata, da lambobi, da tazarar da yake bari a gefe, da kalmomin da yake buɗe wasiƙa da rufe ta. Van Gogh da sunan Vincent kaɗai ya saba sa hannu, Whistler kuma sau da yawa malam-buɗe-littafi yake zanawa a maimakon suna, har ya kan yi masa wutsiya mai ƙari idan wasiƙar ta faɗa ce. Hannun gaskiya yana da sauri, layinsa yana sirancewa a farko da ƙarshe, shi kuwa mai kwaikwayo zana haruffan yake yi a hankali, sai ka ga rawar hannu da tsayawa a tsakiyar kalma. Idan kuma sa hannu biyu suka yi daidai har aka ɗora ɗaya kan ɗaya suka haɗe, to ɗayansu kwafi ne.

Bayan hannu sai magana. Whistler yana birnin Banis na Italiya daga watan Satumba na 1879 zuwa Nuwamba na 1880, don haka wasiƙar da ta nuna shi a Landan a tsakiyar wannan lokaci tana bukatar bayani. Ka binciki wanda aka rubuta wa, da aikin da aka ambata, da ko ranar mako ta dace da kwanan watan. Ka kuma yi hattara da wasiƙar da ta faɗi daidai abin da kowa ke marmarin ji. Denis Vrain-Lucas ya sayar wa masanin lissafi Michel Chasles takardun jabu kimanin 27,000 a shekarun 1860, har da wasiƙun mutanen zamanin Rumawa da aka rubuta da Faransanci, kuma kotu ta ɗaure shi shekara biyu a 1870. Chasles masani ne na gaske, amma takardun suna ɗaukaka Faransa yadda ransa yake so, shi ya sa ya daina tambaya.

Mataki na shida: ka bi salsalar takardar

Kamar yadda malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun san wane ya karɓa daga wane, haka mai tara takardu yake tambayar hannun da takarda ta bi tun daga wanda aka aika wa. Ka nemi tsofaffin rasit, da lambar da ta ɗauka a gwanjon baya, da hatimin masu tarawa na da, waɗanda Lugt ya tattara su a kundinsa na 1921 kuma yanzu ana duba su a intanet. Labarin an tsince ta a akwatin kaka ba shaida ba ne. Salsala tana kuma kare ka daga kayan sata, domin an sha sace takardu daga ɗakunan karatu da gidajen adana tarihi, kuma wanda ya sayi irinsu yakan rasa takardar da kuɗinsa gaba ɗaya. A Faransa takardun hukuma mallakar ƙasa ne har abada, komai daɗewarsu a hannun wani. Birtaniya tana neman lasisi kafin a fitar da rubutattun takardun da suka haura shekara 50, Faransa da Italiya ma suna da nasu ƙa'idojin, kuma a Najeriya dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba.

Mataki na bakwai: sayen kansa

Ka fara da dillalan da suka daɗe suna da suna abin karewa, irin su Maggs da Quaritch a Landan da Stargardt a Balin, ko gidajen gwanjo irin su Bonhams da Christie's da Sotheby's da Swann ta New York. Ƙungiyar dillalan sa hannu ta PADA tana wajabta wa membobinta mayar da kuɗi idan kaya ya tabbata jabu, kuma irin wannan alƙawari a rubuce a jikin rasit ya fi kowace takardar shaidar inganci mai ado da zinariya wadda ba a san wanda ya sa mata hannu ba. A shafukan saye da sayarwa na intanet ana samun na gaske jefi-jefi, amma jabu ya yi yawa, kuma araha ba ta ado.

Kafin gwanjo ka nemi rahoton yanayin takardar da hotunan gaba da baya, ka tambaya ko an manna ta a kwali, ko an yanke gefenta, ko an yi mata gyara. Ka lissafa kuɗinka tun daga gida, domin a kan farashin da aka buga guduma akwai la'adar gidan gwanjo da takan kai kashi 25 cikin ɗari ko fiye, ga haraji, ga kuɗin jigila da inshora, ga kwastam, ga canjin kuɗi ga wanda da naira ko sefa yake samu. Ka rubuta iyakarka a takarda kada ka wuce ta. Guntun sa hannu da aka yanko daga ƙasan wasiƙa, wanda masu tarawa na ƙarni na 19 suka yi ta mannawa a kundayensu, ina ba da shawarar a bar shi, domin ba ya faɗin komai kuma shi ya fi sauƙin kwaikwayo. Kada kuma ka ɗauki harkar a matsayin hanyar juya kuɗi. Kamfanin Aristophil na Faransa ya sayar wa mutane kimanin 18,000 hannun jari a tsofaffin takardu da alƙawarin riba, ya rushe a 2015, kuma da aka fara gwanjon kayan daga 2017 galibinsu sun tafi ƙasa ƙwarai da kimar da aka yi musu. Wasiƙar Van Gogh da Gauguin ma daga wannan tari ta fito.

Mataki na takwas: abin da ke kusa da gida

A 1958 ɗalibai a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane wadda ta haɗa da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, wanda ya zama babban gwanin zanen bugu na Najeriya. Tun da aka sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu a kan fam miliyan 1.2 a Bonhams a 2018, hankalin duniya ya ƙara karkata ga ayyukan wannan zamani, amma wasiƙu da katunan gayyatar baje koli da rasit na waɗannan mutane har yanzu da yawa suna cikin akwatunan tsofaffin malamai da ma'aikata. Haka takardun da suka shafi cibiyar ginin tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, inda Ladi Kwali ta yi aiki tare da Michael Cardew daga 1954. Wanda ya tara irin waɗannan da kyau ya yi wa tarihi aikin da babu mai yi masa daga waje. Idan za ka saya daga iyali, ka yi rubutacciyar yarjejeniya da shaidu, ka tabbatar magada sun yarda, ka rubuta bayanin yadda takardar ta zo gidan. Idan kuma mai zanen yana raye, ka rubuta masa cikin ladabi da muƙaminsa, ka nuna ka san aikinsa, ka yi masa tambaya ɗaya tak a kan wani zane nasa, domin amsar layi uku a kan aiki ta fi sa hannu a farar takarda.

Mataki na tara: adanawa da rajista

Babban abin da zan roƙa shi ne kada a yi wa takardar tarihi laminatin kamar yadda muke yi wa takardun makaranta, domin zafi da robar suna lalata ta kuma ba a iya mayar da ita yadda take. Haka salatif da gam da ƙusar matse takardu, duk a nisanta su. Kowace takarda ta kwanta a buɗe cikin jakar kwali marar asid ko rigar foliyesta irin ta gidajen adana tarihi, sannan a jera su a akwati mai murfi. Masana suna son sanyin digiri 18 zuwa 20 da damshin iska tsakanin kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari, abin da ke da wuyar samu a ƙasashenmu, inda damina ke kawo fumfuna, hunturu ke busar da takarda har ta karye. Abin da za ka iya shi ne ka zaɓi ɗakin ciki wanda zafinsa ba ya hawa da sauka sosai, ka ɗaga akwatin daga ƙasa ka janye shi daga bango saboda gara, ka saka ƙunshin silika mai tsotse damshi a ciki lokacin damina, ka riƙa buɗewa kana dubawa saboda kyankyasai da ɓeraye. Haske yana kashe tawada ba ta dawowa, don haka ka rataye hoton takardar a bango, asalin ya zauna a duhu. Da hannu wankakke busasshe ake ɗaukar takarda, kuma fensir kaɗai ake kusantar ta da shi. Idan ta yage, ka bar ta haka har ka samu mai gyaran takardu da ya koyi aikin.

Ka buɗe rajista tun daga takarda ta farko. Ka ba kowace lamba, ka rubuta sunan marubuci da wanda aka aika wa da kwanan wata da girmanta da tambarin jikinta, da inda ka saya da abin da ka biya, ka kwafe rubutun gaba ɗaya, ka ɗauki hoton gaba da baya. Mallakar wasiƙa ba ta ba ka haƙƙin wallafa abin da ke cikinta, domin a Najeriya da ƙasashen Turai wannan haƙƙi yana hannun magada har shekara 70 bayan rasuwar marubucin, don haka ka nemi izini kafin ka buga. Idan takardarka ba ta cikin wasiƙun da masana suka wallafa, ka aika wa cibiyar da ke nazarin mai zanen hotonta, domin shigarta kundinsu yana ƙara mata ƙarfin salsala. Ka ajiye kwafin rajistar da rasit a wani wuri daban da akwatin, ka kuma sanar da mutum ɗaya amintacce a cikin iyalinka inda suke da sunan dillalin ko cibiyar da za a tuntuɓa idan bukatar sayarwa ko rabon gado ta taso.